Muciya da Karofi: Tarihin Juya Ruwa a Sana'ar Rini, daga Kano zuwa Ƙasar Jama'a

Masu rubuta tarihin rini a ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga abin da ido yake gani bayan an gama aiki, wato kore da turkudi da rawani ɗan Kura, da ayarin raƙuma da jakuna da suka riƙa kwasar su zuwa Agadas da Tumbuktu da Gwanja da ƙasashen kudu, amma ba kasafai suke tsayawa a bakin karofin kansa ba, inda marini yake duƙe da doguwar muciya yana juya ruwan baba. Alhali kuwa a cikin wannan juyin ne sana'ar take rayuwa ko ta mutu, domin launin da ya ɗaukaka sunan Kano a kasuwannin hamada ba ya samuwa sai an tayar da abin da ya kwanta a ƙasan rami an haɗa shi da ruwan sama, an hana iska shiga a wani lokaci, an kuma ba ta hanya a wani lokacin. Wanda ya bi tarihin sana'ar ta wannan ƙofa zai ga cewa girman karofi da siffarsa, da harajin da sarakuna suka ɗora masa, da hanyoyin fatauci da suka ratsa Zangon Katab zuwa ƙasar Jama'a, har da durƙushewar da ta biyo bayan zuwan jirgin ƙasa, duk suna da alaƙa da tambaya guda, wato yadda ake motsa ruwa don sinadaran da ke cikinsa su haɗu su sauya.

Harshen Hausa da kansa shaida ne cewa masu magana da shi sun daɗe da lura da cewa motsa abu mai ruwa ba iri ɗaya ba ne. Ana dama fura da kunu, ana tuƙa tuwo, ana kaɗa nono don a fitar da mai, ana burga miyar kuka ko ta kuɓewa, ana kwaɓa ƙasar gini, ana cuɗa ƙulli, kuma duk macen da ta san madafa ba za ta sa ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a gurbin 'yar'uwarta ba, saboda kowacce tana nufin wani motsi na daban da ya dace da kaurin abin da ake sarrafawa. Kayan aikin ma sun rabu. Muciya sanda ce mai kauri da take ture abu mai nauyi daga gindin tukunya zuwa sama, ludayi yana ɗebowa ya mayar, shi kuwa maburgi siririn kara ne mai 'yan rassa a baki, wanda ake murzawa tsakanin tafin hannu biyu, ya juya dama ya dawo hagu. Marina sun ari sunan muciya daga madafa suka ba doguwar sandar da suke kai wa ƙasan karofi, kuma aron ya dace, domin aikin da suke nema daga gare ta ya fi kusa da tuƙi bisa ga kaɗawa.

Kafin a fahimci dalilin hakan dole a san abin da ke faruwa a cikin ramin. Baba shuka ce mai ƙananan ganye da ake nomawa a gefen gonaki, kuma ganyenta kore ne shar, babu alamar shuɗi a jikinsa. Abin da ke ɓoye a ciki wani sinadari ne marar launi da masana kimiyyar haɗa sinadarai suke kira indikan, wanda idan aka daka ganyen ya jiƙa sai ya rabu gida biyu, ɗaya ɓangaren ya gamu da iskar oksijin, wato ɓangaren iska da rayuka suke shaƙa wuta kuma take ci da shi, ya koma shuɗin gari da ake kira shuni. Matsalar marini ta fara daga nan, domin shuni ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba ya shiga cikin zaren auduga, sai dai ya zauna a bayansa kamar ƙura, wanki ɗaya ya tafi da shi. Maganin da aka gano tun zamanin da, a nan da Indiya da Masar da Japan, shi ne a zuba busasshen baban a ruwa mai kaifin toka a bar shi ya tsimu. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suna cin ragowar ganyen, suna cinye iskar da ta narke a ruwan, sannan su sauya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, wanda launinsa yake tsakanin rawaya da kore. A wannan hali ne yake ratsa zare. Idan aka tsamo tufa daga karofin da ya nuna, da launin ganye take fitowa, sai ta riƙa rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban ido yayin da iska take taɓa ta, shunin ya koma asalinsa marar narkewa alhali yana ɗaure a cikin zaren. Ana maimaita tsomawa da shanyawa sau da yawa, gwargwadon duhun da mai kaya yake so.

Karofin da aka bar shi shiru ba ruwa ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. A gindi akwai laka mai kauri ta ganye da toka da shunin da bai narke ba, wadda a cikinta mafi yawan ƙwayoyin tsimi suke zaune; a tsakiya akwai ruwan da ake rini da shi; a sama kuma akwai fatar da take fuskantar iska, inda kumfa mai shuɗi da wani sheƙi kamar na jan ƙarfe suke taruwa. Sinadarin da ya narke a gindi yana iya tafiya sama da ƙashin kansa ta hanyar naso, wato yadda ƙananan ƙwayoyin abu suke kai-kawo babu tsari har su bazu daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Wani likita Bajamushe mai suna Adolf Fick ne ya rubuta ƙa'idar naso da lissafi a 1855, kuma abin da ya fi muhimmanci a cikinta ga mai karofi shi ne lokacin da naso yake ɗauka ba ya ƙaruwa daidai da nisa, yana ƙaruwa ne da nisa sau kansa. Ƙaramar ƙwayar sinadari tana ratsa milimita 1 na ruwa a cikin kamar minti 10, amma santimita 1, wanda ya ninka wancan sau 10, sai ya ci mata lokacin da ya ninka sau 100, wato mafi yawan yini da dare, mita 1 kuwa, idan babu abin da ya motsa ruwan ko kaɗan, tafiyar kusan shekara 20 ce. Ramin da zurfinsa ya wuce tsayin mutum ba zai taɓa nuna ba idan naso kaɗai aka bar wa aikin.

Amfanin muciya ke nan. Ba ita take haɗa sinadarai ba, domin haɗuwar ƙarshe tsakanin ƙwaya da ƙwaya aikin naso ne har kullum. Abin da take yi shi ne ta rage wa naso nisan tafiya. Duk lokacin da sandar ta ratsa ruwa tana barin ƙananan guguwoyi a bayanta, kowace guguwa tana jan ruwan gindi mai kauri ta miƙe shi kamar zare, ta naɗe shi a kan ruwan sama, ta sake miƙewa ta sake naɗewa, har abin da ya fara a matsayin dunƙule ɗaya ya koma dubban siraran shimfiɗu da suke jere kusa da juna. Idan kaurin kowace shimfiɗa ya sauko zuwa milimita ko ƙasa da haka, naso yana ƙarasa aikin cikin mintuna. Kuma da yake sinadarai biyu ba sa sauya juna sai a iyakar da suka taɓa juna, miƙewar nan tana tsawaita iyakar ninki-ba-ninki, saboda haka sauyin yake sauri. Masanin teku Carl Eckart, Ba'amurke, shi ne ya bambanta waɗannan matakai biyu a rubuce a 1948, ya ware motsawa daban da gaurayuwa daban. Sai dai guguwar da take tayar da laka daga gindi ita ce kuma take jawo iska daga sama, iska kuwa tana mayar da narkakken shuni gari, ta kuma raunana ƙwayoyin tsimi waɗanda ba sa son ta. Marinin da ya yi ƙyuyar motsawa zai samu ruwa salam, wanda ya wuce gona da iri kuma zai kashe karofinsa da hannunsa, kuma gwanintar sana'ar tana cikin sanin iyakar da ke tsakani, wadda ake karantawa daga launin ruwan da kaurin kumfa da irin warin da yake tashi.

Akwai ma wani abu da duk mai shan shayi ya taɓa gani. Idan aka juya ruwa a kofi ta fuska ɗaya aka cire cokali, ganyen ba ya watsuwa zuwa gefe, taruwa yake yi a tsakiyar gindi, saboda gogayyar ruwan da ƙasan kofin tana haifar da wani kewaye na biyu, wanda yake sauka ta bango ya taho tsakiya ya hau. James Thomson ya yi bayanin wannan a 1857, Albert Einstein kuma ya sake ɗauko shi a 1926 don ya nuna dalilin da ya sa koguna suke lanƙwasa. Ma'anarsa ga rami mai zagaye ita ce juyi na bai ɗaya tara laka yake yi maimakon watsa ta, kuma ruwan da yake zagayawa gaba ɗaya kamar faifai ba ya gaurayuwa sosai ko da ya yini yana juyawa. Hannun da yake sauya fuska, yake kai sanda ƙasa ya ɗago, shi ne yake samun biyan bukata.

Masu riƙe da karofin Ƙofar Mata a Kano suna danganta kafuwarsa da shekarar 1498, wato ƙarshen mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ake jingina masa kafa kasuwar Kurmi. Amma ƙarni na 19 ne zamanin da sana'ar ta kai ƙololuwa, bayan jihadin da aka fara a 1804 ya haɗa ƙasashe masu faɗi ƙarƙashin Daular Sakkwato, hanyoyin fatauci suka buɗe, kasuwar tufa ta faɗaɗa. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya tarar birnin ya riga ya yi suna da rini. Heinrich Barth kuwa, da ya zo a 1851, ya bar ƙididdigar da masana suke komawa gare ta har yau: ya ce karofin da ke cikin birni kaɗai sun haura 2,000, ana karɓar harajin wuri 700 a kan kowanne da sunan kuɗin karofi, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Harajin da aka ɗora a kan rami, maimakon a kan mutum ko a kan tufa, yana nuna cewa hukuma ta gane inda dukiyar take kwance. Sunan ya kuma zauna a taswira, kamar garin Karofi da ke yankin Dutsin-ma a ƙasar Katsina.

Philip Shea, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan masana'anta a 1975 kuma ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa bunƙasar ba ta zo da yawan hannu kaɗai ba, har da sauyin fasaha. A da a manyan tukwanen yumɓu da aka binne ake rini, girmansu kuma bai wuce abin da magini zai iya ginawa ya gasa ba. Daga baya sai marina suka koma haƙa rami suna shafe cikinsa da laso, wato sumuntin gargajiya da ake haɗawa da katsi, lakar tsohon karofi da aka busar aka ƙone, da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Da laso aka samu ramuka masu zurfi da ba sa yoyo, kuma Shea ya ƙiyasta cewa kafin ƙarshen ƙarnin akwai karofi aƙalla 15,000 a masarautar Kano. Hujjarsa ta tattalin arziki ce, cewa babban rami yana rage tsadar rina kowane turmi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ana iya ƙara mata wata daga ɓangaren ruwan kansa, domin idan aka ninka zurfin rami aka bar faɗin bakinsa yadda yake, ruwan ciki ya ninku amma ƙofar da iska take shiga ba ta ƙaru ba, saboda haka rami mai zurfi da ƙaramin baki yana jure motsi fiye da tukunya mai faɗi, yana ba marini sararin tuƙa gindi da ƙarfi ba tare da ya shaƙe tsiminsa da iska ba. Ƙasar da ta kewaye shi tana kuma riƙe ɗumi, abin da ƙwayoyin tsimi suke bukata a lokacin hunturu, murfin saƙa mai tsini da ake kifawa a baki yana kare shi daga rana da ruwan sama. Abin sha'awa a tsarin shi ne karofi yana haifar da kayan gina karofi, tunda katsin da aka kwashe daga tsohon rami shi ne jigon lason sabo, wani kuma a mayar da shi cikin sabon haɗi.

Daga ramin tufa takan wuce hannun mabuga, waɗanda suke shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta bugu da taɓarya har ta yi sheƙi. A Kura, kudu da Kano, ana ƙara barbaɗa garin shuni a buga shi cikin saƙar, ta fito da wani ƙyalli mai duhu da Buzaye suke biyan kuɗi mai yawa a kansa, ko da yake yana zuba a fata. Mai sa irin wannan tufa ba ya ɓoyuwa, hannunsa ma yana faɗa, kuma har gobe Bahaushe yana kiran attajirai masu hannu da shuni.

Ƙasar da Kafanchan take a yau ta shiga wannan tarihi ta hanyar fatauci. Zangon Katab, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin ayari ne da Hausawa fatake suka zauna a tsakiyar ƙasar Atyap, a kan hanyar da ta taso daga Kano da Zariya ta nufi kwarin Binuwai. Can kudu da shi kuma, wajen 1810, Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a kusa da duwatsun Daroro, ta zama ɗaya daga cikin masarautun da suke bin Zazzau, tare da Keffi da Nasarawa. Richard Lander, baran Clapperton, ya bi wannan hanya a 1827 bayan maigidansa ya rasu a Sakkwato, ya ratsa Katab ya ga kasuwarta, ya kai har Daroro kafin mahayan Sarkin Zazzau su mayar da shi Zariya. Rinanniyar tufa tana cikin kayan da suka gangaro ta wannan hanya, kuma gaskiyar da bai kamata marubuci ya tsallake ba ita ce abin da ya hau arewa a madadinta ya haɗa da bayi, waɗanda aka kamo daga al'ummun tuddan yankin ta hanyar hari da gandu, kuma zafin wannan bai gushe daga zukatan jikokinsu ba. Ƙawar babbar riga mai shuni a fadojin ƙarni na 19 ba ta rabu da wannan ciniki ba. Ta fuskar tsirrai kuma, yankin ya fi Kano ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma a irin wannan ƙasa mai damshi ne talaki yake fitowa, wata shuka mai yaɗo wadda ba dangin baba na kusa ba ce amma ganyenta yana ɗauke da indikan, ita ce kuma Yarabawa suke kira elu suke rina adire da ita. Ko da baba ko da talaki, sharaɗin ramin ɗaya ne.

Sanin sarrafa ruwa da motsi bai taƙaita ga marina ba, kuma matan kudancin Kaduna suna da nasu rabon a ciki tun kafin zuwan ayari. Mai dafa burkutu tana tuƙa ruwan tsiron dawa a kan wuta don kada ya kama gindi, amma idan lokacin tsimuwa ya yi sai ta bar tulun ya huta, domin ta san akwai matakin da motsi yake gyarawa da wanda yake ɓatawa. Mai sabulun salo kuwa tana fuskantar mas'alar a siffarta mafi bayyana, tunda mai da ruwan toka ba sa shiga juna, sauyin da yake mayar da su sabulu ba ya aukuwa sai a fatar da suka haɗu, kuma tuƙin da take yi na sa'o'i yana farfasa man ne zuwa ƙananan ɗigo don fatar ta yawaita, sabulun farko da ya samu ya taimaka wajen riƙe ɗigon a warwatse, aikin ya ƙara sauri da kansa.

Wanda yake son ganin kishiyar karofi sai ya je Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse cikin tafki ya yi fari fat. Farin nan iska ce da faɗuwar ta tura cikin ruwa, guguwoyin ƙasa suka farfasa ta zuwa ƙananan kumfa, kuma irin wannan motsi zai kashe ramin rini nan take. Amma shi ne ainihin abin da masu sarrafa shuni don sayarwa suke nema. A gonakin Turawan Ingila a Bengal da Bihar, inda zaluncin noman baba ya jawo boren manoma a 1859 da kuma gwagwarmayar Gandhi a Champaran a 1917, a wancan zamani akan jiƙa ɗanyen ganye a tafki ɗaya, a sako ruwan zuwa na biyu, ma'aikata su shiga ciki su yi ta dukansa da filafilai har iska ta cika shi, shuni ya kwanta a gindi a kwashe a matse. Sinadari ɗaya ne, sauyi ɗaya ne, amma mai son ya fitar da shi daga ruwa dukan ruwan yake yi, mai son ya riƙe shi a narke kuwa lallaɓa shi yake yi.

Kimiyyar Turai ta zo ga wannan fage a makare, kuma launin rini ya taimaka mata ta gani. A 1883 Osborne Reynolds, a birnin Manchester na Ingila, cibiyar masaƙun da daga baya suka cika kasuwannin Nijeriya da atamfa, ya saki siririn zaren ruwa mai launi a cikin bututun gilashi, ya ga cewa idan gudun ruwan kaɗan ne zaren yana tafiya a miƙe ba ya haɗuwa da komai, idan gudun ya wuce wata iyaka kuma sai ya karye ya zama guguwoyi, launin ya cika bututun. Shekara 101 bayan haka, a 1984, Hassan Aref, masani haifaffen Masar, ya nuna da lissafi cewa ko a ruwa mai tafiya a hankali ana samun gaurayuwa mai kyau idan aka sa guguwoyi biyu suna aiki bi da bi, wannan ta juya ta tsaya, waccan ta karɓa, saboda sauyin yana hana ruwan bin sawunsa na farko. Maburgin da yake zuwa dama ya dawo hagu yana cin moriyar wani abu mai kama da wannan. Ba a faɗi haka don a ce mai miya ta riga Aref sanin lissafinsa ba, an faɗa ne don a nuna cewa abin da hannu ya tace a tsawon ƙarnoni ilimi ne na gaske, wanda ya cancanci a rubuta shi da sunan masu shi.

Abin da ya karya karofi ya fito ne daga ɗakin gwaji. Adolf von Baeyer ya gano tsarin ƙwayar shuni a 1883, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, cikin shekaru kaɗan noman baban Indiya ya durƙushe. Bayan haka aka samu garin haidirosalfayit, sinadarin da yake narkar da shuni cikin mintuna idan aka haɗa shi da soda mai kaifi, wato yana yin aikin da ƙwayoyin tsimi suke kwanaki suna yi. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso ta a 1911, a 1927 kuma Kafanchan, wadda ƙasar Fantswam ce, ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya hau Jos. Garin ya cika da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga ko'ina, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933. Tsohuwar hanyar ayari ta rasa muhimmancinta, tufar da take isa kasuwannin yankin ta koma zuwa a tarago daga bakin teku, a rine, da araha, da launuka da baba ba ya bayarwa. Yawan masu sa tufar auduga a kudancin lardin Zariya ya ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru, tare da makarantun mishan da aikin albashi, amma kasuwar da ta buɗe ba marinin gargajiya ne ya ci ta ba.

Rini bai bar jihar Kaduna ba, sauya wuri ya yi. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da wani kamfanin Ingila, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, kuma 'ya'yan kudancin Kaduna da yawa sun samu aiki a waɗannan masaƙu. A can injin ne yake juya ruwan rini da gudun da aka ƙayyade, amma mas'alar ba ta sauya ba, domin rashin gaurayuwa yana fitar da yadi dabbare-dabbare, yawan iska kuma yana cinye haidirosalfayit a banza. A wancan lokacin ruwan da aka gama da shi yakan bi magudanai ya faɗa Kogin Kaduna, inda mai tsayawa a gaɓa kan iya ganin launin yana bin gefe ɗaya tafiya mai nisa kafin guguwoyin kogin su shanye shi, a lokacin rani kuwa, da ruwa ya ja, nisan yakan ƙaru. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

A Ƙofar Mata har yanzu akwai ramukan da ake haɗawa da baba da toka, ko da yake da yawa daga cikinsu sun bushe, wasu sun cika da shara, kuma masu yawon buɗe ido da masu ɗinkin zamani ne suke riƙe da cinikin. Mafi yawan rinin da ake yi yau a Kano da Zariya da garuruwa irin su Kafanchan na shadda ne, a rabin duro ko robar wanki, da ruwan zafi da garin launi da soda da haidirosalfayit da aka auno daga kasuwa. Haɗin yana nuna kafin a gama gaisawa, ana zubar da shi a ranar, ba ya barin katsin da za a ƙone a yi laso da shi, kuma sandar da ake motsa shi da ita ba ta kai kamu biyu ba.